Takalman Hadil a Saman Soro

Ranar Talata ce, bayan alhazai sun sauko daga Arfa, rana ta buɗe wuta a Makka har kuliyoyin unguwar Misfala sun shige ƙarƙashin motoci. Cikin wannan zafin Hadil ta dawo gida daga Jidda, inda ta yi wata biyu wajen gwaggonta ana yi mata gashin idon sawu.

Jaka ɗaya ta zo ɗauka. Hadil 'yar wasan ƙwallon gora ce ta kan ƙanƙara. A wani ɗan fili cikin wata babbar kasuwa a Jidda ta koya, tana faɗuwa yara na dariya, har wani kulob a Turai ya ɗauke ta. Shekara shida da wasan take ci. Sai ta sake karyewa a idon sawun da ta taɓa karyewa. Kulob ya ce ta zo gwaji ƙarshen mako: in ƙafa ta ɗauka a ci gaba da ita, in ba ta ɗauka ba, a yi sallama.

A ɗakinta ta tarar da katifu jere, da wasu tsofaffin hajiyoyi 'yan Nijar suna jan carbi. Ba ta yi mamaki ba. Haka ake yi duk lokacin Hajji: a ba alhazai hayar ɗakuna, a kwashe kaya a kai ɗakin kwano na saman soro.

"Yaya Ma'aruf, ina baƙar jakata?"

Wan nata yana zaune a tsakar gida da kofin shayi. "Tana sama. Ko allura ba ta ɓata ba."

Ƙofar kwanon sai da ta ƙona mata hannu. Ciki kamar tanderu. Can ƙurya ta hango jakar, buhunan shinkafa da tukwanen da Ma'aruf ke girkin alhazai da su sun danne ta. Ta ja, ta zuge.

Takalman wasanta ne a ciki, masu wuƙa a ƙasa ta zamewa kan ƙanƙara. Ba na kanti ba ne. Tun karayar farko aka ƙera mata su, aka ɗumama su aka matse su a ƙafarta har suka san kowane ƙashi. Yanzu sun kwanta kamar gurasa. Gam ya saki, wuƙar ƙasan ta hagu ta karkace.

Ta sauko ta ajiye su gabansa.

"Takalmi ne fa, yarinya," in ji shi. "Gobe mu je Kudai, akwai wani ɗan Yaman, ko na soja ɗinkewa yake."

"Da zafi ake gasa su su ɗauki siffar ƙafa. Kai ka gasa su sun ɗauki siffar buhu."

Ya tuntsire da dariya. "To sai shinkafar ta tafi Turai ta buga."

Umma ta leƙo daga kicin. "Hadil, sassauta murya, da baƙi a gidan. Ina zai sani? Mu ƙanƙara a ruwan sha muka san ta."

"Shekara shida, Umma. A gidan nan wa ya taɓa cewa in nuna masa yadda ake yi?"

Ma'aruf ya kurɓi shayinsa. "Ni dai in an tambaye ni, cewa nake kina karatun nas. Ya fi sauƙin faɗa."

Ta kwashe takalman ta mayar cikin jaka.

Ƙera sababbi sai an yi wata guda, kulob kuma ba ya jira. Ta tafi, ta ari na wata abokiyar wasanta, ta cusa soso a dunduniya. Da farko ta daure. Da aka zo juyawa da gudu, idon sawun ya yi rawa cikin takalmin da bai san shi ba, yarinya 'yar sha tara ta wuce ta, ta sake wuce ta. A karo na uku Hadil ta zube ta bugi katanga. Kocin ta dafa mata kafaɗa, ta yi mata godiya da murmushi irin na masu sallamar baƙo.

Da ta dawo Misfala alhazai sun tafi, an mayar mata da gadonta, har da sabon zanen gado. Ma'aruf ya ce, "Alhamdu lillahi, kin huta da sanyi."

Abin da ya tafi ke nan: takalmi ƙafa biyu, farce uku da takalman aro suka cire mata, riga mai lamba goma sha huɗu da aka ba wata, sana'a ɗaya, da wa ɗaya wanda har yau tana gaishe shi da safe.