Sunan da Aka Bari a Waje

Har gobe in na tuna Malam Sani sai raina ya ɓaci. Kuma ba mugu ba ne. Da mugu ne ma da abin ya zo mini da sauƙi.

A shekarar da soja suka miƙa mulki aka kawo mana kwamfuta ofishin gona na Tudun Wada. Malam Sani ne shugaban ofis, ni kuma Saude ni ce mai buga takardu, don haka a teburina ta sauka. Wata ƙungiya ce ta ba da ita saboda aikin kwamitin burtali, wato hanyar da shanu ke bi daga wajen Dangora su gangara Doguwa. Kowa ya san an cinye burtalin nan. Kowa ya san Alhaji Mainasara ne ya sa tarakta ta haɗe shi da gonarsa har bakin mashaya. Amma da an ce a zo a ba da shaida sai gari ya koma na kurame.

Injiniyan da ya zo daga Zariya ya haɗa na'urar, Hamidu, ya ware mini jaka guda a cikinta ya kulle. Ya ce duk fayil ɗin da na ajiye a jakar nan, na'urar za ta dagula rubutunsa kafin ya sauka a kan faifai. In na shiga da kalmar sirrina sai ta warware mini shi in karanta lafiya lau. Wanda ba shi da kalmar kuwa, ko ya kwance faifan ya kai Legas, tarkacen alamomi zai gani.

"Amma ki kula," in ji shi. "Kamar ambulan ne da aka liƙe. Na ciki a ɓoye yake, abin da aka rubuta a bayansa kuwa kowa na gani. Sunan fayil a waje yake zama. Ki riƙa sa lamba kawai."

Shaidu shida muka samu. Biyar makiyaya ne, mutanen Arɗo Buba, waɗanda dama ba su da abin ɓoyewa. Na shidan shi ne wanda kwamiti ke nema ruwa a jallo: manomi ɗan gari da ya ga dasa duwatsun iyaka tun zamanin En'e. Baffa Lado ke nan. Shekara ashirin da shida yana noma gonar aro, kuma gonar ta gidan su Alhaji Mainasara ce. Ita ce cinsa, ita ce shansa.

Ya shigo ofis kamar mai tambayar irin masara, ya jira aka watse, sannan ya rage murya.

"'Yata, in Alhaji ya ji na buɗe baki, na rasa gonar nan."

"Baffa, na yi maka alkawari. Abin da ka faɗa ko aljani ba zai karanta ba."

Ya yi magana, na buga, na ajiye a jakar, na sa masa lamba shida.

Ranar Alhamis Malam Sani ya tsaya a bayana yana leƙen allon.

"Wane ne kuma shida?"

Na raɗa masa.

"Subhanallahi! Dattijo sa'an kakanki za ki liƙa wa lamba kamar bijimin da aka kawo allura? Ina tarbiyya, Saude?"

Na yi masa bayanin ambulan tiryan-tiryan yadda Hamidu ya yi mini. Ya kaɗa hannu.

"Injiniya ya san na'ura, bai san girman mutane ba. Ba kin ce a kulle take ba? Sa wa kowa sunansa, da Malam ɗinsa da Arɗonsa."

"Ranka ya daɗe, sunan fa ba ya kulluwa."

"Ni za ki koya wa aiki?"

Na sa. Wannan kam laifina ne, ba zan ɗora wa kowa ba. Ba a saba mini da ja da babba ba, sai na ce a raina bari ya huce, ranar Litinin in mayar da lambobina. Washegari na tafi garin Ƙofa sunan ɗan yayata.

Wata ɗabi'a ta Malam Sani ita ce ba ya barin baƙo ya fita bai ga kwamfutar nan ba. Mai kawo taki ya gani, direban ciyaman ya gani. To ranar Juma'ar sai ga Alhaji Mainasara ya biyo gaisuwa, wai hanya ce ta biyo da shi, tare da surukinsa da ya yi karatun na'ura a Kano. Gaisuwa da masanin na'ura a gefe! Ko yaron goye ya san da walakin goro a miya. Amma shugabanmu ya sa aka tayar da janareto, ya kawo lemo, ya ja wa surukin kujerata.

Ranar Litinin da dariya ya tarye ni.

"Saude, injiniyanki gwani ne! Awa guda yaron nan yana fama, gumi har wuya. Duk fayil ɗin da ya buɗe sai tsutsotsi. Ko harafi ɗaya ba su karanta ba."

"Sunayen fa, ranka ya daɗe?"

Dariyar ta tsaya. Ya dube ni, ya dubi allon, inda aka rubuta Malam Lado ɓaro-ɓaro a ƙarƙashin sunayen Fulani biyar. Na'urar ta riƙe amanarta tsaf. Mu ne muka rubuta sirrin a bayan ambulan, wai don ladabi.

Daga bisani Alhaji ya aika wa Baffa cewa bana yana bukatar gonarsa. Bai aika da rani ba. Sai da tsohon ya gama watsa takin da shanun Arɗo suka tara masa, ruwan farko ya sauka, ƙasa ta yi laushi, sannan aka aiko. 

Da Baffa ya shigo ofis, Malam Sani ya miƙe da rawar jiki, ya ba shi kujera, yana ta jera masa gaisuwa da "sai haƙuri" da "haka Allah ya ƙaddara". Ƙaddara! Kamar ba da bakinsa ya ce in goge lambar ba. Baffa ya amsa gaisuwar a taƙaice, ya wuce shi ya zo gabana. Na durƙusa, na kasa ɗaga kai.

"Tashi, 'yata. Abu ɗaya na zo tambaya. Sun karanta abin da na faɗa?"

"Ko kalma, Baffa. Sunanka kawai suka gani. Ni na sa shi."

"An sa ki dai," ya ce, bai ko waiwayi Malam Sani ba. Ya murza hularsa a gwiwa. "Ashe bai ma san me na ce ba ya kore ni."

"Bai sani ba."

"To ai ya yi gaggawa. Ranar nan rabi na faɗa miki, ina tsoron gona. Ban faɗi inda aka binne duwatsun da aka tuge ba, ban faɗi wanda ya tsaya a kai aka tuge su ba." Ya jawo kujerar ya matso kusa da allon. "Yanzu babu gonar. Buɗe jakar taki, akwai saura."

Na buga kalmar sirrin. Tarkacen ya warware, maganarsa ta fito yadda ya bar ta.

"In mayar maka da lambar, Baffa?"

"Bar sunan," ya ce. "Na riga na biya farashinsa."