Safar Hannun Kafinta

Kafinta bai iya zama wuri ɗaya ba tun yana saurayi. Shekara talatin da biyu ya yi a shago ɗaya a bakin titi, daga tulin katako zuwa teburin aiki, daga teburi zuwa ƙofa, har ranar da zarto ya suɓuce masa da hantsi. Ya sunkuya zai ɗauka, hannun dama ya ƙi. Maƙwabcinsa mai walda ne ya ga bakinsa ya karkace, ya tare mota ya kai shi asibiti. Aka ce shanyewar ɓarin jiki ce, hawan jini ya jawo ta.

Ƙafar ta dawo da wuri. Cikin wata biyu yana takawa ba sanda, sai ɗan jan ta da yake yi. Hannun ne ya cije. Yatsun su ɗan buɗe kamar masu jin kunya, su koma su dunƙule. Sai ya sallama wa hagu komai, ci da sha da ɓalle maɓalli, dama kuwa tana rataye a gefensa kamar baƙuwa. Shago yana rufe. Shi kuma yana gida yana safa da marwa, daga ɗaki zuwa tsakar gida, daga can zuwa ƙofa ya leƙa titi ya dawo.

"Malam, don Allah ka zauna," in ji matarsa. "Jiri kake sa ni."

"In zauna in yi me?"

Babbar 'yarsa, malamar makaranta, ita ke raka shi sashen gashi na asibiti, inda ake koya wa gaɓoɓi motsi bayan ciwo. Likitar da ke duba shi gajera ce mai saurin magana. Wata rana bayan ta gama lanƙwasa masa yatsu, ta jawo kujera ta ce suna wani bincike, kuma irin hannunsa suke nema.

"Hannun da aka daina aika, mantuwa yake yi, Baba," ta ce. "Shi ya sa ake rufe mai lafiyar a cikin safa mai kauri, dole a koma ga marar lafiyar. An ga yana taimakon wasu idan a asibiti aka yi, likita na tsaye a kansu. Abin da ba mu sani ba shi ne ko zai yiwu a gida, mutum da iyalinsa kawai."

"Ba ku sani ba?" in ji Kafinta.

"Da mun sani da ba mu yi binciken ba."

"Wato da ni za a gwada."

"Da kai da mutum saba'in da tara, idan ka yarda. Rabi za su sa safar, rabi su ci gaba da gashin da suka saba. Ba ni ke zaɓa ba, ƙuri'a ce. Kuma duk ranar da ka ce ka fasa, ka fasa, ba abin da zai taɓa kulawar da muke ba ka."

'Yarsa ta karanta takardar layi-layi har ƙarshe, shi kuwa tun ba ta kai rabi ba ya miƙe ya je taga ya dawo sau biyu. Ya sa hannu da hagu, rubutun kamar tafiyar kaza. Aka buɗe ambulan. Safa ce ta faɗo masa: awa biyar kullum a hannun hagu, da motsi ɗari uku da dama, har mako shida, a riƙa rubuta adadin a takarda.

Ranar farko ya kifar da kofin shayi a cinyarsa. Rana ta biyu ya yi minti ashirin yana kokawa da murfin kwalba guda, gumi har gemu. Aikin da aka ba shi ke nan: tsince murafu daga faranti zuwa kwano, juya shafin littafi, ɗaga cokali ya ajiye. Yayarsa ta zo dubiya ta tarar da shi a haka, ta tafa hannu.

"Wannan wace irin mugunta ce? Mutum da hannu ɗaya, shi ma a ɗaure? Cire masa, ke!"

"Yaya, likita ce ta ce," in ji matar.

"Ita likitar a ɗaure mata nata mana mu gani."

A rana ta huɗu, da matar ta fita kasuwa, ya kama safar da haƙori ya zare ta, ya cusa ƙarƙashin matashi. Daga nan ya zama ɗabi'a. Da yamma idan 'yarsa ta biyo daga makaranta ta ɗauki biro, sai ya ce, "Rubuta ɗari uku."

"Baba, ka tabbata?"

"Ni zan yi miki ƙarya?"

Ta rubuta, ba ta ɗago kai ba.

Bayan mako biyu suka koma asibiti. Likita ta duba takardar, ɗari uku reras daga sama har ƙasa. Ta karɓi safar ta juya ta ciki da waje.

"Baba, safar nan ta fi rigata tsabta."

Ya kalli fanka. 'Yarsa ta kalli takalminta.

"Ba faɗa zan yi ba," likitar ta ce. "Amma ka ga, idan ka rubuta ɗari uku hannun bai motsa ba, mu za mu rubuta cewa hanyar ba ta aiki, a hana wa waɗanda za ta yi wa amfani. Idan ashirin ka yi, rubuta ashirin. Idan ba ka yi ba, sa sifiri. Sifirin gaskiya yana da amfani a wurinmu, don shi zai nuna mana abin ya fi ƙarfin mutane a gida."

"Likita, ni ba yaron goye ba ne," ya ce, muryarsa ta tashi. "Ƙofofin rabin unguwarmu ni na yi su. Yanzu a zaunar da ni ina tsintar murfin kwalba, jikokina suna leƙe suna dariya?"

Ta buɗe kundin binciken ta duba wani shafi. "Laifina ne da ban tambaye ka ba. Ƙa'idar ta yarda mutum ya zaɓi aikin daga abin da ya saba. Me ya fi sauƙi a shagonka?"

"Ba abu mai sauƙi a shagona." Ya ɗan yi tunani. "Sai dai goge katako da sanfefa. Da ware ƙusoshi."

Ta soke makonni biyun a takarda, ta rubuta dalili a gefe, ta sa hannu.

Washegari ya sa mai walda ya ɗaga masa ƙofar shago. Ƙura ta rufe komai, gizo-gizo ya yi saƙa a bakin zarto. Ya zauna a bakin teburi da safar a hagu, ya zazzage gwangwanin ƙusoshi, ya fara ware dogaye daga gajeru. Ƙusa ta kuɓuce, ya bi ta. Ta sake kuɓucewa, ya zage ta. Mai walda yana leƙowa yana cewa, "Maigida, dambe za ka shiga ne da wannan dunƙulen?"

"Zo kusa ka gani."

A mako na uku ya kai ɗari uku na gaskiya. Amma mutumin da bai iya zama ba, bai iya tsayawa ba. Ya lissafa cewa in ɗari uku za su dawo da hannu a mako shida, ɗari shida za su dawo da shi a uku. Ya ƙara awanni, ya daina hutawa tsakani, yana gurzar katako da sanfefa har kafaɗa tana ƙara. Kwana huɗu a haka, ya tashi da safe ya kasa ɗaga hannun ya sa riga. Kafaɗar ta kumbura, zafi har wuya.

Ya ce kada a gaya wa kowa. Matarsa ta shiga ɗaki ta kira likita a waya, yana ji.

"Wancan karon ka rage, wannan karon ka ninka," likitar ta ce da suka je asibiti, tana danna kafaɗar a hankali. "Baba, ba ka da tsakiya ne?"

"Cire ni za ku yi?"

"A'a. Amma dole in rubuta, in aika wa masu sa ido a kan binciken. In abin zai iya ji wa mutum ciwo a gida, su ma sai sun sani. Kwana biyar ba safa, ba shago."

Kwana biyar ɗin nan sun fi masa watannin farko tsawo. Ya zauna, ya tashi. Ya kunna rediyo, ya kashe. Ya ƙirga fale-falen rufi, ya gano biyu sun saki, kuma ba halin hawa. Matarsa ta ɓoye makullin shago a cikin garwar shinkafa, ya birkice ɗaki yana nema bai samu ba. Abin da ya fi cin sa shi ne tsoron kada ɗan abin da yatsun suka koya ya zube. Bini-bini sai ya buɗe su ya rufe a kan gwiwa, ya tabbatar suna nan.

Suna nan. Da ya koma shago, 'yarsa ta saya masa ƙaramin agogo mai ƙararrawa, minti goma aiki, minti biyar hutu. Yana tsaki, amma yana bi.

Ranar gwajin ƙarshe wani likita daban ne ya auna shi, wanda ba a yarda ya san rukunin da kowa yake ba. Tun a ƙofa aka gargaɗi Kafinta kada ya ambaci komai. Sau biyu ya buɗe baki zai ba da labari, 'yarsa tana taka masa ƙafa. Aka ajiye akwati mai gida biyu cike da 'yan guntayen katako, aka ce ya kwashe daga wannan gida zuwa wancan cikin minti ɗaya. A farkon binciken tara ya iya. Yau ya kwashe ashirin da biyu.

"Mai lafiya nawa yake yi?" ya tambayi likitarsa a waje.

"Kamar sittin."

"Zarto fa?"

"Ba zan yi maka alkawarin zarto ba. Wataƙila, wataƙila a'a. Hannun bai gama koyo ba, ka ci gaba da aikensa."

"To hanyar taku ta yi ko ba ta yi ba?"

"A kanka kai ɗaya ba za mu iya cewa ba, don wasu hannayen da kansu suke ɗan dawowa. Sai duka tamanin sun gama an haɗa lissafi. Nan da shekara, in Allah ya so."

"Shekara!" Ya miƙe. "Ku dai ba ku da gaggawa."

Bai koma yin ƙofofi da gadaje ba. Manyan katakai yana aika su injin yanka, shi ya tsaya a gyare-gyare: kujerar da ta saki, durowar da ta ƙi rufuwa. Aikin farko da ya karɓa na wata mai sayar da yadi ne, ƙafar benci ta karye. A da kafin ta gama gaisuwa ya gama. Ya juya bencin, ya duba karayar, ya duba hannunsa.

"Yaushe zan dawo?" ta ce.

"Jibi," ya ce. Ta kai bakin ƙofa ya kira ta. "Baiwar Allah, bari dai mu ce gata."