Yelwa a Ƙirjin Tambaya

Shekarar da ake shimfiɗa dogo zuwa Gusau, magana ta cika Bunguɗu wai an ga kurwar yarinya a ƙirjin Tambaya ungozoma a cikin wani hoto. Yarinyar ita ce Yelwa 'yar Hanatu, wadda ta rasu a farkon kaka. Dattawa sun yanke cewa Tambaya mayya ce, za ta bar gari in an gama girbi.

Ni dai na tsufa ina karantar da mata, ban taɓa cin karo da littafin da ya ce kurwa na zama a takarda ba. Na hau jaki sai Gusau, wurin mai hoton.

Mai hoton Mas'udu ne, akawun wani mai sayen gyaɗa. Ya nuna mini shi. Ga Tambaya zaune a ƙofar ɗakinta, ga fuskar Yelwa dishi-dishi a tsakiyar ƙirjinta, tana dariya.

Na ce ya ɗauko akwatin ɗaukar hoton. Ya buɗe shi, wata fata ta miƙe kamar zugazugin maƙeri, da idon gilashi a bakinta. In an danna wata 'yar kunama irin ta bindiga idon ya ƙifta, sai a murɗa wani ɗan mabuɗi, fim ya naɗe gaba.

"In ba ka murɗa ba fa?"

Ya hau goge idon gilashin da bakin riga.

"Malam, da kai nake. Wa ka ɗauka kafin Tambaya?"

"Yelwa, Inna. Ranar kasuwa, tana tallar ƙosai. Hotonta ne bai fito ba."

"Bai fito ba? To wannan wa ce?"

Na sa ya biyo ni gida. Ya ɗauki akuyata, na riƙe masa hannu kada ya taɓa mabuɗin, sannan ya ɗauke ni. Aka ba fatake fim ɗin, suka bi ta Tsafe zuwa Zariya wurin wanki.

Kafin hoton ya dawo an daina gaida Tambaya. Mata na haihuwa ba a kiranta. In ta doso rijiya sai a janye yara.

Da hoton ya iso na kai shi zauren mai unguwa, ina jaye da akuyar.

"Ga ta nan a cikina, har da ƙaho. Ga ta kuma tana cin tabarmarku. Ni ma ku kore ni."

Ba wanda ya yi dariya. Aka dai bar Tambaya a ɗakinta.

Hanatu ta roƙi hoton farko, don ba ta da wata fuskar 'yarta sai wannan. Kullum da hantsi takan zauna ta ƙura masa ido, ta sa yatsa ta rufe fuskar tsohuwar. Har yau ba ta gaida Tambaya.

Mas'udu ya manta bai murɗa mabuɗi ba. Ƙyanda ce ta kashe Yelwa.