Fiffiken Watan Janairu

Wata bakwai ke nan Marlys Tollefson tana fama da jirgin da mahaifinta ya bari, kuma har yanzu abin bai yi kama da jirgi ba. Arlo ya sayo shi ne cikin akwatuna shekara talatin da huɗu da suka wuce, katako da siraran allunan filawud da notuna da kundin zane mai shafi sittin, irin ƙaramin jirgin nan mai kujera biyu da mutum ke haɗawa da hannunsa a gida. Ya gama gangar jikin, ya gama ƙasusuwan fukafukan biyu, sai ya daina. Ya rataye su a rufin rumbun gonarsu, wani babban ɗakin ajiya, ya lulluɓe da tamfol, bai sake bi ta kansu ba har ya rasu bara.

Marlys direbar motar 'yan makaranta ce. Tsakanin kai yara da safe da ɗauko su da yamma tana da awa biyar, duk a rumfar ƙaramin filin jirgin garinsu, inda ta kai jirgin, take ƙarar da su. Ɓeraye sun yi gida a cikin gangar jikin, fitsarinsu ya cinye filawud ɗin ƙasa, sai da ta sake shi gaba ɗaya. Notunan suna cikin kwalaben jam ɗin shafa wa burodi, amma takardun da Arlo ya liƙa musu sun zube, ba ta san wanne ne na ina ba. Shafi huɗu sun ɓace daga kundin zanen. Kamfanin da ya sayar da kayan kuwa ya rufe tun tana sakandare. Akwai ranar da ta yi awa uku tana neman wani ƙaramin ƙarfe, ashe a aljihunta yake.

Abu ɗaya ne ke sanyaya mata rai, fukafukan. Kowane haƙarƙari a cikinsu yana ɗauke da lamba da fensir, rubutun mahaifinta mai karkata. Ta yanke a ranta cewa komai na jirgin nan za ta iya canzawa, amma da fukafukan Arlo za ta tashi, yadda ya bar su. Har ta sayo yadin da za ta lulluɓe su da shi kafin sanyi ya shigo.

Sai dai a ƙungiyarsu ta masu haɗa jirgi, ba a lulluɓe fiffike sai wani dattijo ya duba cikinsa. Vern Dahlke ne mai dubawa. Shekararsa tamanin, ya haɗa jirage uku, kuma abokin Arlo ne tun suna samari. Ya zo ranar Asabar bayan karin kumallon ƙungiya, da ɗigon zuma a gaban rigarsa, riƙe da tocila da ɗan madubi mai dogon hannu. Ya fi awa guda yana leƙe-leƙe. Daga ƙarshe ya miƙe, ya ce aikin tsaf yake, Arlo bai taɓa yin aikin algus ba. Marlys ta fara murmushi, sai ya tambaye ta ina gutsattsarin gwaji.

Ta san abin da yake nufi. Duk mai haɗa jirgin katako, idan ya dama gam ya yi aikin ranar, sai ya haɗa 'yan gutsattsarin katako biyu da ragowar gam ɗin, ya rubuta kwanan wata, ya ajiye kusa da aikin su bushe tare. Daga baya a fasa da guduma. Idan katakon ne ya yage, gam ya kama. Idan kuwa suka rabu sumul, duk abin da aka liƙa ranar ba abin yarda ba ne. Na Arlo suna cikin wani gwangwanin kofi, kuma gwangwanin yana kan kanta a kicin ɗinta, kusa da hotonsa.

Ta ce masa ba ta ga amfanin farfasa su ba, tunda ga aikin nan ya gani da idonsa.

"'Yar Arlo, ido ba ya ganin cikin gam," in ji Vern. "Ubanki don a fasa su ya yi su, ba don a jera a kanta kamar kofunan biki ba. Je ki ɗauko."

"Kawu Vern, kai fa komai sai ka sa masa guduma."

"Shi ya sa na kai tamanin. Waɗanda ba sa sawa, na je jana'izar biyu daga cikinsu."

Ta tafi tana ƙunƙuni ta dawo da gwangwanin. Vern ya jera gutsattsarin a kan tebur bisa kwanan wata, ya miƙa mata gudumar, ya ce jirginta ne. Na watan Oktoba ya yage ƙaras, tsinke-tsinken katako a tsaye. Na Nuwamba haka, na Disamba haka. Duk waɗannan an rubuta musu "hagu". Har ta fara jin daɗin bugun. Sai ta zo kan na farkon Janairu, mai ɗauke da "dama". Ko ƙarfi ba ta sa ba, ya rabe gida biyu, cikinsa yana sheƙi kamar gilashi. Ta buga na biye, shi ma haka. Guda tara ne na Janairu, guda tara suka rabu sumul.

Marlys ta ce laima ce ta shiga gwangwanin. Vern ya tambaye ta ko laimar tana karanta kwanan wata ne. Ta ce to ai gutsure daban, fiffike daban. Sai ya taka zuwa fiffiken dama, ya ɗora babban yatsansa kan ɗan filawud ɗin da ke riƙe da mahaɗar wani haƙarƙari, ya danna kaɗan. Abin ya ɓalle ya faɗi ƙasa. Ya ce gam irin wanda Arlo ya yi amfani da shi ba ya kamawa cikin sanyi, sai ɗaki mai ɗumi, kuma bai san yadda aka yi mutum kamar Arlo ya manta da wannan ba. Na hagu ta lulluɓe abinta. Na dama ba zai sa masa hannu ba ko da za ta shekara tana hararar sa.

Ba ta yi masa sallama ba. Kai tsaye gidan mahaifiyarta Ardis ta nufa, ta same ta tana feraye dankali. Ta tambaye ta a ina Baba ya haɗa fiffiken dama.

Ardis ta ce a rumbu mana. Na hagun a ɗakin ƙasa ya yi shi, kusa da tukunyar ɗumama gida, da ya gama kuma ya ƙi fita ta matakala. Sai da aka cire taga, aka fasa bulo shida, suka yi sati biyu iska na shigo musu. Ranar ta rantse masa ba za a sake gina fiffike a ƙarƙashin kicin ɗinta ba. Ya kwashe kayansa zuwa rumbu a tsakiyar Janairu, da hitar kananzir guda ɗaya wadda ko ƙafarsa ba ta ɗumamawa.

Marlys ta buɗe baki za ta ce ashe ke kika jawo, amma Ardis ta riga ta goge hannu ta jawo aljihun teburin da take ajiye zare da tsofaffin makullai. Ta fito da gutsure biyu, cikinsu na sheƙi, an rubuta sha tara ga Janairu.

"Shi ya fasa wannan da kansa, da bazara ta shigo," ta ce. "Ya ajiye nan gefen farantinsa, ya ci abincinsa. Ke ya yi wa alkawarin fara ɗauka, kina shekara sha biyu. Ta yaya zai ɗora ki a kan wannan?"

"To me ya hana shi sake wani, Mama? Shekara talatin fa."

"Kullum badi. Ubanki bai iya rusa abin da ya gina ba. Ke ma shi kika ɗauko."

Marlys ta tambaye ta me ya sa ta yi shiru wata bakwai tana kallonta tana wahala. Ardis ta ce ita ba ta san da fiffiken nan za ta tashi yadda ya bar shi ba, kuma tun ranar da aka sauke tamfol wa ya isa ya faɗi wata magana a kan jirgin nan ba a ci masa fuska ba? Ta koma kan dankalinta.

Ranar Litinin, bayan ta sauke yara, Marlys ta mayar da yadin cikin ledarsa ta tura can saman kanta. Ta kwance ƙarafan fiffiken dama ɗaya bayan ɗaya, ta zuba a kwalba, wannan karon ta rubuta sunan a jikin gilashin. Ta zo da zarto, amma ba ta yi aiki da shi ba sosai, don haƙarƙarin da hannu kawai suke rabuwa. Lambobin fensir suka taru a ƙasa kusa da takalminta. Da ta buɗe kundin don ta ga daga ina za ta fara, sai ta gane shafuka huɗun da suka ɓace su ne na fiffike. Arlo ya tafi da su rumbu, ɓeraye sun gama da su tuntuni.

Ta kira Vern a waya. Ya ce ta auna na hagu ta kwaikwaya, amma ta juya komai, kada ta je ta haɗa musu hagu biyu a yi ta ba da labarinta a wajen karin kumallo har ta tsufa. Ta ce ba ta ga abin dariya ba. Ya ce bai ce akwai ba, ta dai sayi ma'aunin zafi ta rataye a inda za ta yi aikin.

A ɗakin baƙinta mai ɗumi ta kafa tebur. Haƙarƙarin farko ya ci mata kwana huɗu, ya fito a karkace, ta jefa shi bayan ƙofa. Saura ashirin da shida, ban da wannan. Ta ɗauki ragowar gam ɗin ta haɗa gutsure biyu, sannan ta shiga laluben fensir, wanda ta tabbata yanzun nan ta ajiye shi a kan teburin.