Hannun Mai Aski

Kwana tara da yi wa yayansa aiki a ƙafa, Mai Aski ya riga ya zama ɗan gida a ɗakin jinyar maza. Gado goma sha biyu ne a ɗakin, kuma babu wanda bai san hannunsa ba. Shi ke murɗa ƙarfen da ke ɗaga kan gado idan bayan wani ya ƙage. Shi ke riƙe wa tsohon direban da ke bakin taga kofi, don 'ya'yansa sai ƙarshen mako suke leƙowa. Wayarsa kuwa ta zama ta kowa, daga wannan kunne zuwa wancan.

"Kai dai ba ka iya zama wuri ɗaya ba," in ji Yaya. "Jinyata ka zo yi ko neman ƙuri'a?"

"Ai barci kake yi, Yaya. In zauna ina ƙirga minsharinka?"

Yaya ne ya raine shi bayan rasuwar mahaifinsu. Yanzu dukansu sun yi furfura, amma har gobe idan Yaya ya harare shi sai ya gyara zama.

A kwana na goma, ciwon da ya fara bushewa ya soma fitar da ruwa mai wari, zazzaɓi ya rufe Yaya. Kafin mako ya zagayo, mutum uku sun bi sahu. Ma'aikatan gwaji suka zo da tsinken auduga, suka shafa ƙarfen gadaje, da kan famfo, da mariƙin ƙofa. Ɗayansu ya nemi wayar Mai Aski, ita ma ya shafa.

Bayan kwana uku babbar nas ta kira shi baranda.

"Baba, ƙwayar cutar da ta shiga ciwon yayanka mai taurin kai ce, ba ta jin maganin da muka saba bayarwa. Mun same ta a jikin gadaje, da famfo, har da abin awon jininmu. Da kuma wayarka."

Shekara talatin da biyar yana aski, kullum sai ya tafasa kayan aikinsa, ko ƙurji bai taɓa sa wa kan wani ba. Ya dubi tafin hannunsa. Fes yake.

"Ke nan ni na raba musu?"

"Ban ce ba, Baba. Babu mai iya sanin wanda ya fara kai ta. Mu ma da hannunmu a ciki."

Aka mayar da Yaya wani ɗan ɗaki shi kaɗai. Likita ya ce idan sabon maganin bai kama ba, sai an cire ƙafar daga gwiwa.

Ranar, Mai Aski ya zauna a kan benci, ya cusa hannuwansa tsakanin cinyoyinsa. Tsohon direba ya kira shi har sau biyu, ya yi kamar bai ji ba.

Dattijuwar da ke goge ɗakin, wadda kowa ke kira Inna, ta ajiye bokitinta a gabansa.

"Malam, tun safe bawan Allahn nan ke kallon kofinsa."

"Hannun nan ne ya jawo, Inna."

"To yanke shi za ka yi? Taso in nuna maka."

Ta kai shi bakin famfo. Ta sa ya cuɗa tsakanin yatsu, da bayan hannu, da babban yatsa, da ƙarƙashin farce, sannan ya rufe famfon da gwiwar hannu. Ya kuskure, ta sa ya sake, kamar ɗan makaranta. Ta ba shi ruwan magani da tsummoki, ta ce kowane gado da nasa, kada na wani ya taɓa na wani.

Sai da ya wanke sau biyu kafin ya ɗauki kofin. Direba ya sha, ya sauke numfashi, ya ce, "Na ɗauka fushi kake da ni."

Kwana biyar yana haka. Ya goge ƙarfen gado, ya wanke hannu, ya ɗaga mutum, ya wanke hannu. Kafin ya shiga wurin Yaya, wanda ba ya ma gane shi, sai ya wanke har gwiwar hannu. Fatar yatsunsa ta fara tsagewa.

Da hantsin rana ta shida, likita ya kwance bandejin ƙafar Yaya, ya daɗe yana dubawa. Yatsu biyu ba za su tsira ba, in ji shi, amma ƙafar za ta zauna. Mai Aski ya yi masa godiya.

Da likita ya tafi, ya ɗora tafinsa a goshin Yaya. Babu zafi. Yaya ya buɗe ido a hankali, ya ƙura masa.

"Auta, me ya sami hannunka? Kaushi kamar bawon itace."

"Sabulu ne, Yaya."

Ya yunƙura zai janye. Yaya ya kama wuyan hannun da ɗan ƙarfin da ya rage masa.

"Wa ya ce ka ɗauke?"