Minti Ashirin da Madam Cazeau

Ina da wani ɗan aibi. Shekara goma sha shida matata Narelle tana zaton na iya Faransanci. Ban taɓa cewa na iya ba, ban dai taɓa cewa ban iya ba. Sati uku na yi a Noumea, wani birni da ake jin Faransanci, ina saurayi, na dawo da gaisuwa da godiya da yadda ake neman giya mai sanyi. A garinmu Bundaberg wannan ya isa a riƙa yi wa mutum kallon masani.

Bana Narelle ta samu aiki a asibiti, za ta fara ran Litinin, ni kuma yankan rake ya kama. Ɗanmu Lachie shekararsa uku, kuma ba abin da yake ƙauna a duniya kamar dam ɗin ban-ruwa da ke bayan rumfar tarakta. Sau biyu ina cafko shi da wuyan riga a bakin ruwa. Sai muka nemi 'yar reno irin masu zuwa daga wata ƙasa su zauna da iyali, a ba su ɗaki da abinci da kuɗin kashewa. Muka dace da wata Solene, 'yar Noumea, tana zaune a Brisbane. Wani gidan ma na nemanta, don haka ta ba mu zuwa Juma'a. Ta ce ta iya iyo. Ni kuwa na san yadda mutum ke iya abu da baki.

Ran Talata Narelle ta miƙo min takarda.

"Ga lambar matar da Solene ta yi wa reno shekara biyu, Madam Cazeau. Abu ɗaya za ka tambaya: ana iya barin ta da yaro kusa da ruwa? Kai ne Bafaranshen gidan."

Na tafi rumfar tarakta, wai can waya ta fi kamawa. Na kira ta bidiyo. Wata dattijuwa mai farin gashi ta ɗauka, na zuba mata gaisuwata, wadda dama ita ce na fi gwanancewa a kai. Fuskarta ta washe. Daga nan ta ɓalle.

Minti ashirin tana magana ina gyaɗa kai. Da na samu 'yar kafa sai na ce "Solene", na yi hannu kamar mai iyo. Nan take ta dafe ƙirji. Ta ɗauko hoton wata 'yar yarinya ta manna a fuskar waya. Ta yi ƙasa da tafin hannu a hankali, kamar abu yana nutsewa. Ta share hawaye. Ta ambaci Solene sau uku. Sannan ta yi dariya, ta ɗaga min hannu, ta kashe.

"Me ta ce?" in ji Narelle.

"Yarinyar kirki ce."

"Ruwan fa?"

"Ai ta yi maganar ruwa sosai."

Ran Laraba layin raken da na yanka ya fito a karkace kamar maciji ya bi ta wurin. Hannun nan mai yin ƙasa ya ƙi barin idona. Na je na auna kewayen dam da taku ko zan zagaye shi da waya, na manta lissafin, na sake aunawa. Na zauna, na tashi, na wanke tarakta da ba ta yi datti ba.

Ran Alhamis na tafi shagon kayan gona wurin abokina Des, na kwaikwaya masa komai a tsakanin buhunan taki, har da share hawayen.

Des ya jingina da wani buhu. "To, Warwick, ɗayan biyu ne. Ko ta ceci yarinyar, ko ta bar ta ta nutse."

"Wannan na sani, Des."

"To me ka zo nema, taki? Dariyar fa, kafin kukan ce ko bayansa?"

"Bayansa."

"Surukata ma ta yi dariya a jana'izar mijinta. Ka sake kiran matar mana, ka sa waya ta fassara maka."

"Bayan na yi minti ashirin ina cewa na gane?"

"Ashe ba yaron kake ji ba, kanka kake ji."

Na sayi ƙusoshin da ba na buƙata na fito.

Safiyar Juma'a Narelle ta ajiye shayinta ta ɗauki waya za ta rubuta wa Solene ta taho. Lachie na bakin ƙofa, ya sa takalman robarsa a juye, yana leƙen hanyar dam. Na ce ta dakata. Na faɗa mata komai, tun daga sati ukun Noumea.

"Shekara goma sha shida, Warwick."

"Da wata huɗu."

"Kada ka taimaka min da lissafi. Ba ni lambar."

Ta kira da kanta. Ta ɗauko cokali ta tsoma a kofin ruwa don ta nuna abin da take nufi, ta soma tambaya da Turanci, kalma ɗaya-ɗaya, da ƙarfi kamar mai yi wa kurma magana.

Madam Cazeau ta bari ta gama, sannan ta amsa da Turancin da ya fi nawa tsabta. Jikarta ce a hoton. Ta zame daga kan gadar jiragen ruwa tana shekara biyu, Solene ta bi ta da kaya a jiki ta fito da ita. Abin dariyar kuwa, takalmin Solene ɗaya har yau yana ƙarƙashin teku. Ta ce mu riƙe yarinyar da hannu biyu. Ta ce ai duk ta yi wa maigidan bayani ran Talata da Faransanci, da yake da shi ya fara, kuma komai ta faɗa yana cewa haka ne.

Solene ta iso ran Lahadi a jirgin ƙasa na rana.

Ashe Madam Cazeau shekara talatin da ɗaya ta yi tana koyar da Turanci a sakandare.