Rubutun da Ke Kan Murfi

Aikina kiwo ne, haka Yaya yake faɗa. A ɗakin bincike da ke ƙasan asibiti nake rainon ƙwayoyin sankarar hanta cikin ƙananan faranta na roba, ina canza musu ruwan abinci bayan kwana biyu-biyu, har ranar hutu. Ni kaɗai ce a wurin, sai ƙarar firiji. Farfesa yakan leƙo sau ɗaya a mako, shi ma da waya a kunne.

Idan ƙwayoyin suka cika faranti, sai in ɗauki tsinken roba in ja layi a tsakiya, in bar fili. Washegari in duba a madubin da ke ƙara girman ƙwayoyi. Waɗanda ban taɓa ba sun rarrafo sun rufe filin, kamar tururuwa ta ga sukari. Haka suke barin hanta su shiga huhu. A sauran farantan kuwa nakan kashe ƙwayar gado guda ɗaya, cikin waɗanda muke zargin su ke ba su ƙafa, in ga ko za su tsaya.

Wata takwas babu wadda ta tsaya. Ran nan na duba, fili na nan fayau.

Da gudu na hau bene na uku, inda Yaya ke kwance. Shi ma sankarar hanta ce, tasa ta riga ta kai huhu. Na san sakamakon faranti ba magani ba ne, na sani sarai, amma bakina ya riga ni.

"Yaya, sun tsaya!"

"Ke Auta, da gaske?" Ya yi dariya har tari ya sarƙe shi. "Ashe kiwon naki da rana."

Kwana huɗu yana cin abinci, shi da ya daina ci.

A rana ta biyar na zo maimaita gwajin, na ɗaga faranti, na ga babu rubutu a gindinsa. A kan murfi na yi rubutu, ban yi a gindi ba. Ɗan koyo ma ya san ba a haka, don murfi yana tashi ya sauka a kan wani. Na gwada ƙwayoyin da kansu. Farantin da ya tsaya ba a kashe masa komai ba, ƙwayoyin ne suka galabaita kawai. Na zauna a kan kujera na yi kukana, babu ma wanda zan ji wa kunya.

Da yamma na hau. Ya rame har agogonsa na yawo a hannu. Na so in yi shiru, wallahi na so. Amma bai taɓa yi mini ƙarya ba, ko ranar da likita ya faɗa masa cutarsa.

"Yaya, kuskure na yi. Ba su tsaya ba."



"Ni dama na san ba zan kai ba," ya ce. Ya nuna gadon kusa da haɓa, inda wani direba ke barci da robar ruwa a hannu. Ya rage murya. "Kar ki bari wancan ya ji. Yaransa uku. Na ce masa ya daure, ƙanwata ta kusa samo magani."

Direban ya motsa, ya buɗe ido, ya gan ni cikin farar riga.

"Likita, sannu da ƙoƙari," ya ce, yana neman tashi zaune. "Kamar yaushe?"